Ciwon Haƙarƙari Mai Tafiya Yana Komowa

Jawabi ga 'yan ajin manya na Gusau da Tsafe da Bungudu

Ga hunturu ya kawo kai. Iska ta juya, ƙura ta tashi, leɓe ya soma tsagewa. Daga yanzu har watan Fabrairu da wuya ku shiga gida ba ku ji ana tari ba. Saboda haka yau zancenmu a kan ciwon haƙarƙari ne, wanda waɗansu ke ce wa sanyin haƙarƙari, malaman asibiti kuwa su kan ce nimoniya. Mun fi so mu tsaya a kan irin wanda ke tafiya yana komowa, da kuma maganin nan na kafso da kowa ke sha dominsa, mu ga inda ya dace da inda bai dace ba.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya, ta ce a shekarar 2019 wannan ciwo ya kashe yara fiye da 740,000 a duniya, waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Hukumar UNICEF kuma ta ce a 2018 Nijeriya kaɗai ta rasa yara wajen 162,000 ta dalilinsa, ba ƙasar da ta kai mu. Ku da kuka iya rabawa yanzu, ku raba wannan da kwanakin shekara, za ku sami fiye da yara 440 kowace rana. Abin baƙin ciki, ciwo ne mai magani, maganin kuwa ba mai tsada ba ne.

Bari mu fara da huhu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya san huhun rago, ya san taushinsa kamar soso. Namu ma haka ya ke. Iska tana shiga ta maƙogwaro, ta bi waɗansu hanyoyi masu rassa kamar reshen itace, har ta kai waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. A nan ne jini ke karɓar abin da ya ke bukata daga cikin iska. To, idan ƙwayoyin cuta suka sauka can ƙasa, sai 'yan jakunkunan nan su cika da ruwa da mugunya. Wurin iska ya ragu ke nan. Kun ga maƙeri in zugazuginsa ya huje, tilas ya ƙara sauri kafin wuta ta kama. Haka mai ciwon ya ke yi, sai numfashinsa ya yi sauri. Sukan da a ke ji a gefe kuwa, ba ƙashin haƙarƙari ne ya lalace ba, tantanin da ya lulluɓe huhu ne ya kumbura, yana gogar bangon ƙirji. Shi ya sa ƙaho da tsaga da sakiya ba su kai wurin, sai dai su ƙara wa marar lafiya rauni a bisa ciwo.

Mutanenmu su kan ce sanyi ne ya shige shi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma sanyi ba shi ne cutar ba, ɗan rakiya ne. Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, ga shi kuma mu kan taru a ɗaki ɗaya mu rufe ƙofa da taga, mu hura wuta. In ɗaya ya yi tari, kowa ya shaƙa.

Ƙwayoyin cutar iri biyu ne manya, kuma wannan shi ne gindin zancenmu duka. Akwai waɗanda a ke kira bakteriya, akwai waɗanda a ke kira bairos. Maganin da likitoci ke kira antibayotik, irin su amoksisilin da fenisilin da Septrin da ja-da-yalo, bakteriya kaɗai ya ke kashewa. Ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Ku manoma ne, kun san maganin ƙwari dabam, maganin ciyawa dabam. Wanda ya fesa wa ciyawa maganin tsutsar wake, ya yi asarar kuɗi, ciyawa kuwa tana nan. To, mura da majina da yawancin tarin hunturu, bairos ke kawo su. Su kan tafi da kansu cikin mako ɗaya ko biyu, ko an sha kafso ko ba a sha ba. Mutum ya sha kafso rana ta uku, ya sami sauƙi rana ta biyar, sai ya ce kafso ne, alhali kuwa murar ce ta gama kwanakinta. Abin da mai mura ke bukata shi ne ruwa da yawa, da abinci, da hutu, da farasitamol in jiki ya yi zafi. Zuma da ruwan ɗumi tana sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

To, yaya za mu rarrabe mura da ciwon haƙarƙari, mu da ba likitoci ba? Da ƙirga. A nan ne karatun da kuka yi zai biya ku. Ku bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ba yana shan nono ba. A ɗaga rigarsa. Mutum ɗaya ya duba agogo ko waya, ɗaya ya duba cikin yaron. Kowane tashi da sauka ɗaya ne. A ƙirga har minti ɗaya cif, ba rabi ba. Wanda ƙirga ke ɓace masa, ya riƙe carbi, ya ja ɗa ɗaya kowane numfashi, in mai agogo ya ce tsaya sai a ƙirga abin da aka ja. Ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye, ku rubuta shi a bangon littafinku. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Yaro mai tari wanda ya kai wannan adadi ko ya wuce, ba mura kaɗai gare shi ba, a kai shi asibiti ran nan.

Alama ta biyu, ku dubi ƙasan ƙirjinsa. Mai lafiya in ya ja numfashi, ƙirji da ciki su kan taso tare. In kuwa kuka ga ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki sa'ad da ya ke jan iska, ciwo ya yi nisa. Sa'an nan akwai alamun da ba a kwana da su ko kusa: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amai da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba a iya tashe shi, ko yana nishi, ko leɓensa da harshensa sun sake launi. Wannan sai babban asibiti, domin allura da iskar oksijin ya ke bukata. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, kome ƙanƙantar alamar, ba a yi masa magani a gida.

Ga babba alamun sun fi fitowa fili: zazzaɓi da rawar sanyi, da suka a gefe ɗaya in ya ja numfashi, da kaki mai kauri, wani lokaci mai launin tsatsa. Amma ku lura da tsofaffinmu. Tsoho ya kan kamu ba tare da jikinsa ya yi zafi sosai ba. Sai dai ku ga ya ƙi abinci, ya rikice, yana zancen da ba kai. Kada a ce tsufa ne, ko iska. A ƙirga numfashinsa shi ma, a kai shi a duba.

A nan muna da magana da ku, masu gida. Kowa ya san halin da hanyoyinmu su ke ciki a 'yan shekarun nan. Daga ƙauyukan Tsafe ko na Bungudu ba kowa ke yarda ya hau hanya bayan magariba ba. Ciwon nan kuwa da dare ya fi tsananta, kuma ya kan kashe ƙaramin yaro cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka shawara da hantsi a ke yanke ta. In kun ƙirga da safe kun ga ya wuce ma'auni, ku kama hanya tun rana tana sama, kada ku ce bari mu gani zuwa la'asar. Kuma sau nawa uwa ta ga ɗanta yana haki, amma maigida yana kasuwar wani gari, ba izini, ba kuɗin mota? Ku ba iyalinku izini tun yau, a gaban shaida in ya yiwu, cewa in yaro ya kai haka a tafi da shi ko ba kwa nan. Ku ajiye ɗan abin hawa mashin a wurin da ta sani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In an je, malamin asibiti zai sake ƙirgawa, ya saurari ƙirji. A wurare da yawa akwai wata 'yar na'ura da a ke maƙalawa a yatsa, tana nuna yawan oksijin da ke cikin jini. In ta nuna ƙasa da 90, kwanciya ta kama. Zai kuma ɗauki ɗigon jini ya gwada zazzaɓin cizon sauro, gama shi ma yana sa numfashi ya yi sauri, wani lokaci ma yaro yana ɗauke da su duka biyu. In ya tabbata ciwon haƙarƙari ne, ga wurin da antibayotik ya dace, ba a jinkirta shi. Wanda a kan fara ba yara shi ne amoksisilin, akwai mai narkewa a cikin ɗan ruwa ko nonon uwa a cokali. Galibi safe da yamma a ke ba da shi, kwana 5, yawansa kuwa bisa ga shekarun yaro da nauyinsa, malamin ne zai faɗa.

Waɗansu in ba a yi musu allura ba, sai su ce ba a duba su ba. Wannan kuskure ne. An gwada a ƙasashe da yawa, aka ga yaron da ke iya haɗiya, wanda ba shi da alamun nan masu tsanani, na sha yana yi masa aiki daidai da allura. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara ƙa'idarta a 2014. Kada ku matsa wa malami sai ya soki ɗanku. Haka kuma in ya duba ya ce mura ce, ba a bukatar kafso, kada ku fita kuna gunaguni ku zarce kemis. Wanda ya hana ku maganin da ba ku bukata ya san aikinsa.

Me ya sa a ke rowar wannan magani haka? Bari mu ba ku tarihinsa kaɗan. A shekarar 1928 wani likita mai suna Alexander Fleming, a birnin Landan, ya lura wata irin fumfuna ta faɗa cikin farantin da ya ke kiwon bakteriya, ta kashe waɗanda ke kewaye da ita. Daga nan aka sami fenisilin. Sai wajen 1941 waɗansu masana a Oksfod suka iya tace shi har aka yi wa mutum magani da shi. Kafin a sami irin waɗannan magunguna, mai ciwon haƙarƙari, sarki ne ko talaka, a Ingila ko a nan, galibi jinya kawai a ke yi masa a jira abin da Allah zai yi. Watau maganin nan bai cika shekara 100 a hannun 'yan Adam ba. Kuma tun a 1945 shi Fleming da kansa ya yi gargaɗi, cewa in ana shan sa kaɗan-kaɗan ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin cuta za su saba da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. A cikin ƙwayoyin cuta akwai raunana, akwai masu taurin kai. In mutum ya sayi kafso huɗu, ya sha yau da gobe, raunanan sun mutu, zazzaɓi ya sauka, sai ya ce ya warke. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Masu taurin kan su ne suka rage, ga fili ya zama nasu, sai su hayayyafa. Kamar mai noma ne da ya cire ciyawa mai taushi ya bar ƙuduji ya zubar da iri, baɗi gonar duka ta ƙuduji ce. Ku lura, ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayoyin cutar ne. Don haka abin ba ya tsayawa a kan wanda ya yi gangancin. Ya yi tari, ɗansa ya ɗauka, maƙwabci ya ɗauka, su da ba su taɓa shan maganin ba sai a ba su ya ƙi ci. Haka kuma duk sa'ad da aka sha antibayotik don mura, ba a kashe bairos ko ɗaya ba, amma an koya wa bakteriyar da ke zaune cikin hanci da hanji yadda za su tsere wa maganin.

Dattawan cikinku sun ga irin wannan da idonsu. Dā kulorokwin kaɗai ya ishi zazzaɓin cizon sauro. A hankali ya daina ci, har a 2005 gwamnati ta canza shi da wani. Ƙwayar zazzaɓin sauro dabam ce da bakteriya, amma hanyar ɗaya ce. Masana sun ƙiyasta a 2019 mutane wajen 1,270,000 suka mutu a duniya domin bakteriyar da ta kama su ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina shan wannan wahala. In na farko mai araha ya ƙi ci, sai na biyu mai tsada, sai kwanciya a asibiti, sai sayar da akuya, wani har da gona.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya. Kwanakin da aka ce, a cika su, kada a rage don an ji sauƙi, kada kuma a ƙara don a ƙara ƙarfi. Kada a raba maganin yaro ɗaya tsakanin yara biyu. Kada a ɓoye saura don wata rana. In an yi kwana 2 ko 3 ana sha ba sauƙi, ko abin ya ƙaru, a koma wurin wanda ya rubuta, ba wurin wani dabam ba, a tafi da kwalin a hannu. Game da masu tallan magani a faranti ranar kasuwa, ba mu ce duka mugaye ne ba, abinci su ke nema. Amma maganin da ya wuni cikin rana ƙarfinsa ya kan ragu, kuma mai tallan bai ƙirga numfashin ɗanku ba. Kun iya karatu yanzu, ku duba lambar NAFDAC a jikin kwali, ku duba wata da shekarar da zai lalace. Ja-da-yalo kuwa, da a ke ɓarewa a zuba wa yara cikin koko, ba na ƙananan yara ba ne sam, yana ɓata haƙoransu har abada, mai ciki ma ba ta shan sa.

Yanzu mu zo kan mai komowa. Da fari a bambanta abu biyu. Bayan an warke, tari da kasala su kan ɗauki makonni kafin su ƙare sarai. In ba zazzaɓi, numfashi ya daidaita, ana cin abinci, wannan ba komowa ba ce, ba a bukatar sabon kafso. Abin da likitoci ke kira mai komowa shi ne wanda ya kama mutum sau 2 cikin shekara ɗaya, ko sau 3 a tsawon rayuwarsa, yana warkewa a tsakani. In haka ta faru, tambayar ba ita ce wane magani ya fi ƙarfi ba. Tambayar ita ce, ta ina ya ke shigowa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ɗakinsa ke yoyo, kome yawan kwarfar ruwan da ya yi, in bai hau ya gyara jinka ba, gobe ma sai ya kwarfa.

Babbar tsaga ta farko ita ce tarin fuka. Sau da yawa abin da a ke ce wa haƙarƙari mai komowa, tarin fuka ne tun asali. An sha kafso, ya ɗan lafa, bayan wata ya taso. Duk tarin da ya kai mako 2, musamman in da rama, da gumin dare, da zazzaɓin yamma, ko jini a kaki, a je a ba da kaki a gwada. Yaro kuwa ba lalle ya yi tari sosai ba, sai dai ya ƙi girma, kuma in an bincika za a tarar akwai babba mai tari a gidan. Gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin ma kyauta ne, galibi wata 6 a ke sha. Amoksisilin ba ya warkar da shi ko an sha buhu. Ba abin kunya ba ne, ba gado ba ne, ba sammu ba ne, kuma ana warkewa sarai.

Ta biyu ta fi shafar ƙasarmu ta gyaɗa. Yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu yana wasa inda a ke ɓarar gyaɗa, ya jefa ƙwaya a baki, ya yi dariya ko ya faɗi, sai ta bi hanyar iska. Ya ƙware, ya yi tari kamar zai shiɗe, can sai ya lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ashe ta sauka ta toshe reshe ɗaya na huhu. Bayan mako biyu zazzaɓi, a ba da magani ya warke, bayan wata ya komo, kullum a gefe ɗaya. Ƙwayar masara da wake da ƙwallon dabino da murfin biro duk su kan yi haka. In kun tuna ran da yaro ya taɓa ƙwarewa, ku faɗa wa likita ko bai tambaya ba, gama gyaɗa ba ta cika fitowa a hoton ƙirji ba, labarinku ne zai sa ya neme ta. Akwai na'urar da a ke zurawa a ciro ta, ko da za a tura ku Sakkwato ko Zariya. Da an cire, ciwon ya ƙare.

Kusa da wannan akwai ɗura. Iyayenmu mata, ku gafarce mu, mun san don ƙauna a ke yi. Amma yaron da aka danne aka toshe masa hanci aka zuba masa kunu yana kuka, wani kunun huhu ya ke tafiya, ba ciki ba. Cokali da haƙuri sun fi, yaro yana zaune. Haka tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, wanda ke ƙwarewa in yana sha, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi kome.

Akwai kuma asma. Yaron da ƙirjinsa ke fito kamar usur, musamman da dare ko in ƙura ta tashi, yau ya tashi gobe ya kwanta, sau da yawa ba ƙwayar cuta ke damunsa ba, hanyoyin iskarsa ne ke tsukewa. Maganinsa na shaƙa ne. Mun san ana tsoron abin shaƙar nan, wai in an fara ba a bari. Ba haka ba ne. Yara da yawa sun sha kwalabe goma na antibayotik a banza kafin a gane asma ce.

Sauran tsagogin, jiki ne ya raunana. Yaro mai tamowa ba shi da ƙarfin kare kansa. Wanda ya tashi daga ƙyanda haka. Mai sikila kullum yana cikin haɗari, zazzaɓi kaɗan gare shi asibiti ne ran nan. Akwai ciwon zuciya da a ke haihuwar yaro da shi, akwai ciwon sukari ga manya, akwai cutar ƙanjamau, wadda yanzu ta ke da maganin da ke riƙe mutum ya yi shekaru da lafiyarsa. A cikin irin waɗannan ne za ku ga likita ya sa mutum shan antibayotik kullum don tsari, kamar fenisilin ga ƙananan yara masu sikila, ko Septrin ga waɗansu masu ƙanjamau. Wannan hukuncin likita ne bayan gwaji, ba abin da maƙwabci zai kwaikwaya ba ne.

Hayaƙi kuwa, kowa ya san shi, kowa ya raina shi. Uwa tana tuƙa tuwo a ɗakin girki marar taga, goyo yana bayanta, abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa, safe da yamma, shekara biyu. A yi girki a fili in ya yiwu, da busasshen itace, a ba wani riƙon jaririn. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Mai shan taba ya sani ba shi kaɗai ke sha ba. Samarinmu masu fasa dutse da masu niƙan dutsen zinariya, ƙurar nan tana zama cikin huhu ba ta fita, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ba mu manta da abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010 ba. A jiƙa dutse kafin a niƙa, kuma kada a kawo aikin cikin gida.

Saboda haka wanda ciwon nan ya kama sau biyu, kada ya tsaya a kemis. Ya je babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ya ce a fili, wannan shi ne karo na kaza. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Gusau, Asibitin Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a ɗauki hoton ƙirji, a gwada jini da kaki. Ku taimaki likita da alƙalaminku. Ku sami 'yar takarda, duk ran da ciwon ya tashi ku rubuta kwanan wata, da gefen da ke suka, da sunan maganin da aka sha, da kwana nawa. Likitan da aka miƙa wa irin wannan takarda ya yi rabin aikinsa.

Saura rigakafi. Tun daga ƙarshen 2014 aka soma yi wa jarirai a Nijeriya allurar da ke tsare su daga babbar bakteriyar da ke kawo ciwon haƙarƙari, ana kiranta PCV. Ana yin ta tare da ta Penta, wadda aka kawo a 2012, a mako 6 da mako 10 da mako 14 da haihuwa. Ta ƙyanda kuwa a wata 9, a maimaita a wata 15. Duka kyauta ne. Ba su hana kowane tari, kada wani ya ce an yi wa ɗansa amma ga shi yana mura. Abin da su ke ragewa shi ne mai kisa. Sau uku ɗin nan kuwa sai an cika, ɗaya ba ta isa. A haɗa da nonon uwa zalla har wata 6, da wanke hannu da sabulu.

Ga aikin da za ku tafi da shi gida. Yau da dare, in yaranku sun yi barci, kowa ya zaɓi ɗaya mai lafiya, ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, ya rubuta sunansa da shekarunsa da adadin da ya samu. A yi haka dare uku, maigida da uwargida tare, domin hannu ya saba tun ba a shiga ruɗu ba. Masu katin rigakafi kuma su zo da shi ranar aji mai zuwa, mu karanta tare, mu ga layin da ba a cika ba. Malamin ajinku zai tambayi ranar da a ke yin allura a asibitin da ya fi kusa da ku, ya rubuta muku a allo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.